Kundin aikin tada Land Cruiser ɗin Baba

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka fitar da motar Baba daga ƙarƙashin bedin da ke bayan gida. Shekara uku da 'yan watanni tana nan, tun ranar da ta yi zafi a hanyar Daura, an wuce Mashi kaɗan, aka ɗaura mata igiya aka jawo ta Katsina. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce kada kowa ya taɓa ta sai ya samu sauƙi ya tsaya a kan gyaran da kansa. Allah bai nufa ba. Tayoyin gaba sun nutse cikin ƙasa, ɓeraye sun cinye soson kujerar baya, amma bodin garau yake, ba tsatsa ko kaɗan. Hajiya ta tsaya a zaure tana kallo har muka sha kwana, abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya sa a dace."

Tun kafin mu isa gareji mutum huɗu suka ba ni shawara huɗu a kan injin da ya kamata in sa mata. Shi ya sa na ɗauki aniyar rubuta duk abin da aka yi da ranar da aka yi shi, don kada surutu ya ɗauke mani hankali.

Motar Toyota Land Cruiser ce, jerin 80, wato samfurin da kamfani ya sa wa lamba 80, ƙirar 1994, mai giyar hannu. Bakaniken da na kai wa dattijo ne da ya yi wa Baba aiki fiye da shekara ashirin, shi ya sa ni ma Baba nake ce mashi. Ya ɗaga bonet, ya goge wani ɗan ƙarfe da aka manna a ciki da babban yatsa, ya nuna mani rubutun FZJ80. Ya ce, "Ɗana, in za ka sayi irin wannan mota, kada ka saurari dillali, wannan ƙarfen za ka karanta." Haruffan farko sunan dangin injin ne. FZ na nufin injin fetur mai fulogi shida a jere, lita 4.5. Da HZJ80 aka rubuta, dizal ce marar tarbo. Da HDJ80 ce, dizal mai tarbo. Da FJ80 ce, tsohon injin 3F ne a ciki. Ƙa'idar ba ta canza ba har a kan sababbi: UZJ100, VDJ200, duk haka ake karanta su.

Asabar, 18 ga Janairu

An buɗe inji. Da aka kwance bol ɗin ƙasa, abin da ya fara zubowa ruwa ne, sannan baƙin mai mai kalar kunun gyaɗa. Da aka ɗaga top, wato kan injin da ke rufe silinda, sai ga gaskit ya ƙone a wajen silinda ta shida, wadda ke can ƙurya kusa da bangon da ya raba inji da direba. Baba bakanike bai yi mamaki ba. Ya ce can ne wurin da ya fi ɗaukar zafi a wannan inji, saboda tsawonsa, kuma top ɗin na alminiyom ne a kan bulok na baƙin ƙarfe, kowanne da yadda yake buɗewa in ya ji wuta. Ya kuma zaro wani ɗan guntun tiyon ruwa daga can bayan inji, inda hannu ba ya isa sai da dabara, ya lanƙwasa shi sai ga tsaga. Ga dukkan alamu ta nan ruwan ya tsiyaye a hankali har motar ta yi zafi ba a ankara ba. Tiyon bai kai tsawon yatsa biyu ba.

Na tsaya ina kallonsa a tafin hannuna, zuciyata ta yi nauyi, domin na tuna ranar da Baba ya dawo gida da yamma likis, rigarsa duk baƙin mai.

Metal na kuranshaf sun karce saboda ruwan da ya kwana a cikinsu. Fistin shida suna nan lafiya. Bulok bai tsage ba. Top sai an kai an auna.

Lahadi, 26 ga Janairu

Hazo ya yi yawa yau, ba a yi aiki sosai ba, sai hira a bakin wuta a ƙarƙashin rumfar gareji. Amma na ƙaru da hirar fiye da aikin.

Baba bakanike ya fara koyon sana'a ne a kan Land Cruiser jerin 40, waɗanda ma'aikatun gona da na lafiyar dabbobi ke shiga daji da su a da. Injinsu na fetur sunansa F, lita 3.9, daga baya a 1975 aka faɗaɗa shi ya koma 2F mai lita 4.2. Fulogi shida a jere, kabireta, bawul goma sha biyu, ba bel ba sarƙa, haƙoran giya ne ke juya kamshaf. Ya ce da sufana uku da sukundireba da ɗan guntun waya za ka dawo da ita gida daga ko'ina. Jerin 60 da ya fito a 1980 ya gaji 2F ɗin, sannan aka kawo 3F mai lita 4.0 a tsakiyar shekarun 1980, daga ƙarshe aka cire masa kabireta a wasu kasuwanni aka sa injekta, ya zama 3F-E. Da shi jerin 80 ya fara fitowa a 1990, amma jikin motar ya yi mashi nauyi. Ƙarfin doki 155 ne kawai, ga mota mai fiye da tan biyu.

Don haka ne aka ƙera sabon inji daga tushe, wanda ke cikin motarmu: 1FZ-FE, wanda ya fito a 1992. Girmansa sisi (cc) 4,477, kamshaf biyu a sama, bawul 24, sarƙa ce ke tafiyar da tayimin, ƙarfin doki 212. Akwai ɗan'uwansa mai kabireta, 1FZ-F, da aka riƙa kai wa ƙasashen Larabawa da Afirka. A nawa ganin wannan inji yana tsaye ne daidai kan iyaka. Yana da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, amma ƙarama ce, aikinta ba shi da yawa. Yana da distiributa irin ta da, wadda kowane yaron gareji ya sani. Ya ɗauki ƙarfin sababbi bai yar da sauƙin tsofaffi ba.

Wani abin da dattijon ya faɗa ya zauna mani. Ya ce tun daga 1951 da aka fara ƙera kakar waɗannan motoci har zuwa 1997, babban injin fetur ɗinsu bai taɓa barin fulogi shida a jere ba. Kusan shekara hamsin kan tsari guda.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An dawo da top daga wajen masu injin gogewa. Ya ɗan banƙare amma bai wuce gyara ba, kuma an gwada shi da ruwa ba tsaga. Kuranshaf zai sha yanka na farko. Wato injin asali yana gyaruwa. Duk da haka na ce a dakata, ina so in ga sauran hanyoyin da idona kafin in kashe ko sisi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na je kasuwar Mai'aduwa tare da wani abokina mai harkar dabbobi, a motarsa. A tashar da ke gefen kasuwa na ga wata a-kori-kura Land Cruiser jerin 70 mai lambar Nijar, an yi mata lodin da ya fi tsayinta. Na yi wa direban sallama, Bahaushen Damagaram ne, muka gaisa na gaya mashi abin da ke tafe da ni. Ya buɗe mani bonet ba tare da wani ja-in-ja ba.

1HZ ne. Na sha jin sunansa, amma yau na tsaya a kansa yana aiki. Dizal ne, lita 4.2, silinda shida a jere, bawul goma sha biyu, ba tarbo, ba ƙwaƙwalwa. Famfon injektansa na ƙarfe ne zalla, waya ɗaya ce take zuwa mashi don a iya kashe inji. Ya fito a 1990, kuma har yanzu ana samun sababbin jerin 70 masu ɗauke da shi a ƙasashen Afirka, ƙungiyoyin agaji na yawan amfani da su. Ƙarfin dokinsa bai wuce 130 ba, wato ya gaza namu da kusan tamanin. Direban ya ce mani, "Alhaji, wannan ba ya gudu, amma ba ya tsayawa." Ya ce abin da yake kiyayewa uku ne: tace mai, tace iska, da bel ɗin tayimin, wanda yake canzawa a kan lokaci ko da bai nuna gajiya ba, domin in ya tsinke fistin da bawul za su haɗu.

Gaskiya zuciyata ta karkata. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai mota mai fulogi shida ya san abin da yake ji a gidan mai. Dizal ya fi fetur tsada a lita, amma 1HZ ya fi namu tsimin mai nesa ba kusa ba. Na dawo Katsina ina ta lissafi a kai.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na kai wa Baba bakanike maganar dizal. Bai hana ni ba, sai ya ɗauki gawayi ya shiga zana mani abin da aikin zai ci a jikin bango. Bayan injin kansa, akwai kwandon da ke haɗa inji da giyabos, wanda ba iri ɗaya ba ne. Akwai kulochi da filawil. Akwai kujerun inji. Tanki sai an sauke an wanke, an cire famfon fetur, an sake bututai. Salansa sai an sake tsari. Birki yana buƙatar iskar zuƙa, wadda injin fetur ke samarwa da kansa, shi kuwa dizal sai da famfonta na musamman. Wayoyin dashbod sai rewaya ya zauna a kansu, ga hita ta tada inji da safe. Sannan takardun mota sai an gyara lambar inji. Da ya gama, bangon ya cika.

Ya ce, "Duk wannan ana yi, na yi wa mutane. Amma ka sani injin da za ka samu a kasuwa ya riga ya yi wa wani bauta shekara ashirin ko fiye. Naka ka san tarihinsa. Wancan ba ka sani ba."

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun yi sammako zuwa Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ni da shi da babban yaronsa. Wanda bai taɓa shiga layin masu inji ba zai sha mamaki: injuna jere a ƙasa kan tsofaffin tayoyi, kowanne da lamba da farin fenti, wasu daga Japan, wasu ta Dubai suka biyo, wasu an ciro su daga motocin da suka yi haɗari a nan gida.

1HZ biyu muka gani. Na farko da aka buɗe murfin sama, baƙin mai ya daskare a ciki kamar kwalta. Na biyu yana da kyau, amma kuɗin da aka yanka mana, tun kafin a zo kan kwando da kulochi da sauran abin da ke jikin bangon can, ya ninka kiyasin gyaran injinmu gaba ɗaya. Dalili a fili yake: direbobin sahara da masu a-kori-kura suna nemansa ruwa a jallo, ba ya kwana a kasuwa.

Mun ga 1HD-T guda ɗaya. Girmansa ɗaya da 1HZ, sisi 4,164, amma yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, ga tarbo, ƙarfin doki wajen 165. Shi ne babban injin dizal na jerin 80 daga 1990, kafin a kawo 1HD-FT mai bawul 24 a 1995, sannan 1HD-FTE mai ƙwaƙwalwa a jerin 100. Duk wanda ya san motar nan ya san cewa 1HD-T ɗin yana da lalurar cin metal na sandar fistin, masu shi a ƙasashen waje kan canza su tun kafin su yi ƙara. Baba bakanike ya zagaya shi sau biyu, ya shafa tarbon, ya ce inji ne na gaske, amma wanda zai saya sai ya buɗe ƙasansa kafin ya tada shi ko sau ɗaya.

Abin da ya cika kasuwar shi ne 2UZ-FE, mai fulogi takwas, lita 4.7. Yana da yawa saboda ba Land Cruiser jerin 100 kaɗai ke ɗauke da shi ba, akwai Lexus LX 470 da GX 470, akwai Sequoia da Tundra da 4Runner, duk sun shigo ƙasar nan daga Amurka da yawa. Saboda yawansa farashinsa bai kai na dizal ba. Mai shagon ya yi ta zuga ni, yana cewa in na sa shi motar za ta tashi sama.

Ba mu sayi inji ba. Mun sayo ringi da metal da gaskit, muka kamo hanya, sai bayan isha'i muka shigo Katsina.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ƙanena ya kira daga Abuja, mun fi awa ɗaya a waya. Shi ra'ayinsa biyu ne: ko a sa mai fulogi takwas, ko a sayar da motar yadda take, mu haɗa kuɗi a sayi jerin 200 ko da tsohuwa ce. Ya ce, "Yaya, duniya ta wuce wannan injin, kai ne kawai ba ka yarda ba."

Ban raina maganarsa ba, domin yana da hujja. Jerin 100 da ya fito a 1998 shi ne ya fara kawo V8, wato mai fulogi takwas da aka jera a siffar V, cikin gidan Land Cruiser, kuma 2UZ ɗin inji ne mai laushi, mai tsawon rai, bulok ɗinsa baƙin ƙarfe. Sai dai a farkonsa ƙarfin dokinsa wajen 230 ne, wato ratar da ke tsakaninsa da namu ba ta kai ashirin ba, sai daga baya da aka ƙara mashi na'urar sauya lokacin bawul ya haura 270. Shan mansa bai gaza namu ba. Bel yake amfani da shi, ba sarƙa ba. Kuma kik ɗinsa yana kwance a tsakiyar kwarin V, ƙarƙashin manifol, in ya lalace sai an kwashe saman inji kafin a kai gare shi. A gareji a cikin gari wannan aikin yini ne. A bakin gona a Baure, wani labari ne daban. Ga shi kuma giyabos ɗinmu na hannu ba zai ɗauru da shi ba sai an nemo mahaɗi, ko a kawo nasa na otomatik da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa duka.

Akwai wani abin da na tuna mashi. A shekarar da aka fitar da jerin 100, kamfanin bai yarda ya kai wa kowa V8 ba. Ya yi wata mai suna 105, jikin sabuwa a kan ƙafafun irin na 80, da aksul ɗin gaba guda ɗaya miƙaƙƙe, ya bar mata 1FZ-FE da 1HZ, ya tura ta Afirka da Ostareliya da ƙasashen Larabawa. Su da suka ƙera motar sun san akwai ƙasar da tsohon injin ya fi dacewa da ita, kuma irin tamu ce.

Jerin 200 kuwa, daga 2007 zuwa 2021, zaɓinsa na da yawa: V6 mai lita 4.0, V8 mai 4.6, mai 4.7, mai 5.7 da ke ba da ƙarfin doki 381, da dizal V8 mai lita 4.5 da tarbo biyu. Wannan na ƙarshen ƙarfinsa ba a magana, amma nozul ɗinsa na aiki ne da matsi mai tsananin yawa, ruwa kaɗan ko datti a cikin mai ya isa ya jawo asarar da za ta sa mutum ya ajiye mota. Mu kuwa wani lokaci a jarka muke sayen mai a ƙauye. Jerin 300 da ya fito a 2021 ya watsar da V8 gaba ɗaya, ya koma V6 mai tarbo biyu, na fetur mai ƙarfin doki sama da 400, na dizal mai lita 3.3, da giya goma. Ina ganinsu a ayarin manya in sun shigo gari, kuma ina yaba su. Amma in ɗaya ta tsaya, kwamfuta ake fara nema kafin sufana.

Na ce mashi tambayar da nake yi wa kowane inji ita ce: in ya tsaya mani tsakanin Sandamu da Baure ranar da ruwa ya sauka, wa zai tada shi, kuma da me? Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai kada a wahalar da Hajiya a hanya. A nan muka haɗu, don ni ma abin da nake gudu ke nan.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na yanke hukunci. Za a gyara 1FZ-FE ɗin da motar ta zo da shi. Bayan sallar Juma'a na je na gaya wa Baba bakanike. Ya ce, "Madalla. Da mahaifinka na nan abin da zai ce ke nan." Gobe ake sa ran tashi da azumi, don haka aikin zai koma na safe kawai.

Litinin, 10 ga Maris

An samu tsaiko. Da aka fito da gaskit ɗin top da muka sayo aka ɗora shi kan tsohon, sai ramukan ruwa biyu ba su hau daidai ba, kuma zoben ƙarfen da ke kewaye da silinda siriri ne. Kwalin yana da tambari da komai, amma jabu ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wannan shi ne ainihin abin da ya kwantar da motar tun farko, da an ɗaura shi da mun koma gidan jiya cikin wata biyu. Na kira wanda ya sayar mana, ya ce shi ma haka aka kawo mashi, ya karɓa ya mayar da kuɗin. Mun aika Legas a nemo na asali da lambar kamfani. Sati biyu aka ce.

Kafin ya iso, an wanke bulok, an zauna da kuranshaf, an sa sababbin metal da ringi. An duba sarƙar tayimin, ba ta saki ba, amma an canza takalman da take gogawa a kai.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya, gaskit ya iso, yau aka ɗaura top. Na roƙi a ɗaure bol-bol ɗin da sufana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, bi da bi, ba da ƙarfin dantse ba. Dattijon ya yi murmushi ya fito da tasa daga cikin akwati, a naɗe da tsumma.

Mun ɗan yi saɓani a kan tamostat, 'yar na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji. Yaran gareji sun so a cire shi, kamar yadda aka saba yi a garin nan, wai ƙasarmu da zafi ba ta buƙatarsa. Na ƙi. Injin da ke da ƙwaƙwalwa yana auna zafin ruwa ne ya san yawan man da zai fesa. In ruwan bai kai zafin da aka tsara ba, sai ya ɗauka har yanzu safiya ce, ya yi ta zuba mai. A wannan tsadar ba zan ƙara wa kaina wannan ba. An sa sabo. An canza duk tiyoyin ruwa, har da wancan ɗan guntun na baya. Lagireto an kai an buɗe an zuzzuge shi, abin da ya fito daga ciki laka ce ja, sakamakon ruwan rijiya da aka yi shekaru ana zuba mashi. Daga yau ruwan sanyaya inji na gwangwani za a riƙa sawa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ta tashi. Bugu na uku ta kama, ta yi hayaƙi fari na ɗan lokaci, sannan ta daidaita. Ƙarar fulogi shida a jere daban take, ba kakkarwa, kamar ana jan zare. Baba bakanike ya ɗora kofin shayi a kan murfin inji, shayin bai zube ba. Na koma gefe na zauna kan benci, sai da na share ido. Na kira Hajiya na kara mata wayar a jikin mota. Ta ce, "Ita ce. Muryarta ce."

Asabar, 3 ga Mayu

Sati biyu ina zagaya gari da ita a hankali, ba na wuce kilomita 70 a awa. Zafin bazara ya kai maƙura, wanda shi ne gwajin da nake so. Ranar Talata a cunkoson Ƙofar Ƙwaya da rana tsaka, da na kunna na'urar sanyi, allurar zafi ta ɗan ɗaga sama da rabi. Na kashe nan take na gangara gefe. Da aka duba, kulochin fanka ne ya saki, fankar na juyawa amma ba ta jan iska. An canza shi. Tun daga nan allurar ba ta sake motsi ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ta cika kilomita 1,000, an zubar da baƙin man farko an sa sabo da sabuwar tace. Jiya muka yi tafiyar farko mai nisa: Katsina zuwa Daura, wajen kilomita 80, daga nan muka wuce gona. Da muka zo daidai wurin da ta tsaya wa Baba, bayan Mashi, na rage gudu na yi mashi addu'a, sannan na taka.

A cikin rairayi ne na gane abin da Baba yake nufi in ya ce motar nan tana da ƙirji. Na sa okzilari, na bar ta a giya ta biyu, ban taka totur sosai ba, ta riƙa tafiya tana ture yashi ba tare da ta yi kuka ba. Ƙarfin jan wannan inji yana fitowa tun yana juyi a hankali, kuma abin da yashi ke so ke nan. Mun wuce wata ƙaramar mota da ta kafe, muka ɗaura mata igiya muka fitar da ita.

Na cika tanki kafin mu tashi, na sake cikawa da muka dawo, na raba. Lita ɗaya ta ba ni kilomita biyar da ɗan ɗoriya, haɗe da tafiyar yashi. Yana da ciwo, ba zan ɓoye ba. Da dizal ce da ta fi haka. Amma na lissafa bambancin kuɗin da zan kashe wajen juya ta zuwa dizal, na raba da yawan tafiyar da nake yi a shekara, wadda ba ta wuce zuwa gona da kai Hajiya Daura gaishe da dangi ba, na ga sai na yi shekaru masu yawa kafin in mayar da shi.

Asabar, 14 ga Yuni

Ruwa ya sauka, an yi shuka, na kai taki buhu takwas a bayanta ranar Talata. Inji lafiya lau, ba ya rage ruwa, ba ya rage mai.

Sauran aiki yanzu ya koma ƙasa. In na karya sitiyari har ƙarshe ina jin ƙas-ƙas daga ƙafar gaba ta hagu, kuma giris na tsatsowa ta bayan taya. Baba bakanike ya ce ƙwallon aksul ne da sil ɗinsa, sai an kwance ɓangarorin biyu an wanke an sake cikawa, ya sa mana ranar Litinin ta sama. Shokozoba na baya ma sun gaji.

Ƙanena ya zo hutun Babbar Sallah, ya karɓi makulli ya kai Hajiya Daura ya dawo da ita. Da ya sauko ya kawo sabuwar magana: a sa mata tukunyar iskar gas ta CNG, tunda injin fetur ne kuma bayanta da fili. Wannan karon ban ce a'a ba. Na ce mashi ya bari ta cika kilomita 5,000 tukuna mu ga yadda top ɗin ya zauna, ni kuma kafin nan zan bincika inda zan riƙa cika tukunyar tsakanin Katsina da Daura, da kuma ko za ta bar mani wurin buhunan gero in kaka ta yi.